Babi na Shida: Daga Gadar Hotoro Zuwa Bakin Badala

Idan baƙo ya zo ganin Kano, Dala ake fara kai shi. Daga can a gangaro Kurmi, a leƙa marinar Ƙofar Mata, a tsaya a Gidan Makama, a ƙare da ɗaukar hoto a Ƙofar Kudu. Babu laifi a wannan tsari, tunda can ne tushe. Sai dai baƙon yakan koma garinsu da siffar wata Kano wadda akasarin Kanawan yau ba a cikinta suke kwana ba. Abin da badala ta kewaye ƙananan hukumomi uku ne suka raba shi, wato Birni da Kewaye da Dala da Gwale. Garin kuwa tuni ya haɗa da Fagge da Nassarawa da Tarauni, ya kutsa Kumbotso da Ungogo yana cin gonaki. A ƙidayar 2006 Nassarawa ita kaɗai ta tashi da mutum kusan 600,000, ban da waɗanda aka haifa da waɗanda suka ƙauro daga wancan lokaci zuwa yau.

Don haka a wannan babi ta baya za mu shigo gari. Daga gabas za mu tayar da mota, daga Hotoro, mu ratsa Nassarawa GRA, mu tsaya a Ƙofar Nassarawa. Tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba, amma duk abin da ka ci na hanya baya yake mayar da kai a tarihi. Za ka fara da kankaren 2023, ka ƙare a gindin ganuwar da aka aza harsashinta tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134.

Ka yi sammako ranar Lahadi, ko safiyar Juma'a kafin masallatai su fara cika tituna. In da hali ka zo a bazara, cikin Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Ka sauke gilashin mota, ka kashe na'urar sanyi. Abin da nake son ka lura da shi a wannan hanya fatar jikinka za ta riga idonka gane shi: ina inuwa take, wa ya dasa ta ko ya gina ta, wa kuma aka bari ya zauna a ƙarƙashinta. Kano ba hamada ba ce, tana samun ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba, amma fiye da rabin shekara rana da ƙura ne ke mulki, kuma ginin da bai yi shirinsu ba mazauninsa ne zai biya.

Mafarinmu gadar Hotoro, inda titin Maiduguri ya haɗu da hanyar da ta zagaye gari ta gabas, wadda direbobi ke ce wa Baifas. Da shataletale ne kawai a wurin, a gaban babban gidan man NNPC. Tirelar da ta taso daga Legas ko Kaduna za ta Wudil, Azare, Potiskum har Maiduguri, a nan take gamuwa da 'yan Adaidaita Sahu da motocin kasuwar goro ta Mariri, kowa ya ce shi zai fara wucewa. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mayar da wurin hawa-hawa, hanya ta ƙarƙashin ƙasa da gadar sama, aka sa mata sunan Muhammadu Buhari, aka buɗe ta a farkon 2023. Wanda ya san wahalar wurin a da zai yaba. In ka hau saman gadar, bari na gefenka ya yi kallon, kai ka riƙe sitiyari. Abin da zai gani rufin kwano ne iya ganin ido, da tankunan ruwa a kan ƙarafa, da farantan sola, da hasumiyoyin masallatai. In ka sauko ka dubi ƙarƙashin gadar. Masu jiran mota da masu talla da masu gyaran takalmi duk nan suke fakewa, domin a duk kewayen babu inuwar da ta kai ta faɗi. An yi gadar ne don motoci, talaka ya tsinci inuwarta a banza, kuma yana damuna ƙwarai a ce babu wanda ya zauna ya tsara masa wata da gangan.

Hotoro ƙauye ce ta manoma a da, mai dagacinta da masu unguwanninta, ɗaya daga cikin ƙauyukan da suka yi wa birni zobe. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan zoben a shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gonakinsa kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin shi ne jaki. Da rani jakuna su shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da mangaloli cike da taki da tokar murhu, a zuba a gona. Kuma gonakin ba fili ne fetal ba. Manomi yakan bar ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo a tsaye, don kowace tana da abin da take ba shi.

Abin da ya sauya Hotoro shi ne kafa Jihar Kano a 1967, da kuɗin man fetur da suka biyo baya. Gwamnati na neman fili mai faɗi a bakin babbar hanya, Hotoro kuwa tana da shi. Aka kawo defon mai, wanda aka yi don ya riƙa karɓar mai ta bututu daga matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, tankoki suka fara jeruwa a gefen titi, masu abinci da bakanike da faci suka biyo su. A zamanin Gwamna Abubakar Rimi, 1979 zuwa 1983, aka kafa gidan talabijin na jiha, CTV, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, za ka wuce shi a kan titin Maiduguri. Aka yi barikin 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi kwatas ɗin ma'aikatan Babban Banki. Inda ma'aikaci ya tare kuwa, ɗan kasuwa ba ya nisa.

A 1978 gwamnatin soja ta kafa dokar filaye wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A aikace ga yadda abin yake tafiya a bakin gari. Gwamnati ta ƙwace gonaki, ta biya diyyar da manomi ba ya ganin ta kai, ta yanka fulotai da tituna a takarda, ta raba wa waɗanda suka nema, galibi ma'aikata da masu hanya. Manomi da ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa, sai ya riga gwamnati. Ya kira dillali, a kawo igiya a auna gonar, a yanka ta ƙanana-ƙanana, mai unguwa ya shaida, a rubuta takardar ciniki. Wannan shi ne awon igiya, kuma babban ɓangare na sabuwar Kano a kansa yake zaune. Shi ya sa Hotoro ta zama biyu. Akwai Hotoro GRA mai miƙaƙƙun layuka, akwai kuma Hotoron lunguna, wajen su Ɗanmarke da Tsamiyar Boka da Tishama. Ko a tsarin mulki ma rabe take: Hotoro ta Arewa da ta Kudu mazaɓu ne a Nassarawa, Hotoron NNPC kuma tana Tarauni.

Ka karkata ka shiga awon igiya ko da na minti goma ne, a hankali, don yara na wasa a hanya. Layin zai fara da faɗin mota biyu, ya tsuke ya koma na ɗaya, wani wurin ma sai ka yi ribas. Ruwan wanka na bin tsakiyar hanya saboda ba a bar wurin kwata ba. Ba a ware filin makaranta ba, ba na asibiti, wani lokaci har maƙabarta sai an yi karo-karo an saya. 'Yan garuwa na tura kura mai jarkoki, suna sayo ruwa daga mai rijiyar burtsatse. Duk wannan gaskiya ne. Amma ni ban yarda da masu kallon waɗannan unguwanni a matsayin ɓarna kawai ba. Babban tsarin da aka yi wa Kano, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta, na shekara 20 ne, daga 1963 zuwa 1983, kuma jama'a sun ninka abin da hukuma ta iya yanka wa fili. Malamin firamare da direba da tela ba su da hanyar samun fulotin gwamnati. Awon igiya ne ya karɓi kuɗinsu kaɗan-kaɗan, ya bar su suka yi ɗaki ɗaya da banɗaki suka tare, bana a ƙara ɗaki, baɗi a yi filasta. Jan fentin da ma'aikatan hukumar tsara birni, KNUPDA, ke shafawa a bango ba ya amsa tambayar inda mutumin zai kwana.

Kuma akwai abin da lungu ya riƙe wanda layin masu kuɗi ya saki. A ƙofar gida akwai dakali. Akwai soro, ko da ƙarami ne, an rubuta "Ba shiga" a bangonsa. In manomin da ya sayar da gonar ya bar tsamiya ɗaya, to a gindinta majalisar unguwa take, nan mai shayi yake, nan ake shimfiɗa tabarmin ɗaurin aure da na zaman makoki.

Yanzu ka fito ka shiga Hotoro GRA. Abu na farko, ba za ka ga gidaje ba, katangu za ka gani. Doguwar katanga, a samanta waya mai kaifi ko ta lantarki, sai get na ƙarfe da ɗakin maigadi a gefe. Ban ga laifin mai gida ba. Wanda ya zauna a Kano ranar hare-haren bama-bamai na 20 ga Janairun 2012 da shekarun da suka biyo baya, ko wanda ɓarayi suka taɓa haura masa, ya san dalilin kowane bulo da aka ƙara. Sai dai a lissafa abin da aka rasa. A gidan Bahaushe na gargajiya, tsakanin titi da cikin gida akwai zaure. Zaure na mai gida ne, amma kowa yana da rabo a cikinsa. Baƙo ya yi sallama a turo yaro, a ce ya shigo zaure ya zauna. Matafiyi ya kwana a nan. Almajirai su yi karatu, maƙwabta su haɗu su ci tuwon dare, mai sana'a ya kafa kekensa. Mata na ciki a suturce, duk da haka gidan bai juya wa unguwa baya ba. Get ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ko dai a buɗe maka ka shiga da motarka, ko ka tsaya a rana kana magana da maigadi ta ƙaramar taga. Na san layuka a nan da maƙwabta ba sa haɗuwa sai a masallaci, kuma masallacin layi shi ne kaɗan da ya rage na aikin zaure.

Inda get ya buɗe ko bene ya zarce katanga, za ka iya karanta shekarun gida daga siffarsa. Na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 gajeru ne, shimfiɗaɗɗu, da tagogin luba da 'yar baranda, kuma sau da yawa da mangwaro ko gwaiba a tsakar gida. Bayansu benaye suka zo, masu ginshiƙai biyu dogaye a gaba. Sai yayin rufi mai tsini da tudu, sai na ƙubba da bakuna da tayil har waje, wanda 'yan kasuwa suka gano a Dubai da Jidda suka ɗauko hotonsa suka miƙa wa mai zane. Na yanzu akwati ne mai toka-toka, rufin a ɓoye bayan bango, gilashi daga ƙasa har sama. Tsakar gida kuma an shafe ta da intalok daga get har bayan gida, ba a bar wa ko ciyawa wuri ba.

A ƙarƙashin duk wannan ado abu ɗaya ne, bulon siminti mai rami, inci 6 ko inci 9. Da shi aka gina gidan attajiri, da shi aka gina na mai gadinsa. Bulo yana da sauri, ba ya tsoron ruwan sama, kowane birkila ya iya shi. Amma ba ya tare zafi. Rana ta dake shi da hantsi, kafin la'asar zafin ya ratsa, da daddare bango ya riƙa amayar da shi cikin ɗaki. In aka haɗa da kwano maras tsawo da silin na kwali, ɗakin Afrilu tanderu ne. Mai hali ya sa na'urar sanyi, ya tayar da janareta ko ya jera batura da sola. Marar hali ya fito da tabarma waje ya kwana da sauro. Fulazojin da ke bakin titi, masu fuskar gilashi da ke kallon yamma, su ne suka fi ba ni takaici, domin an kashe kuɗi an sayo zafi, sannan a sake kashe wani a kore shi. Ruwan Agusta kuma da ya sauka a kan kwano da intalok ba shi da inda zai nutse. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan unguwa, an cike da yawansu an yi gini a kai. Sai ruwan ya bi titi ya nemi gidan da ya fi kwari.

Daga nan ka nufi yamma. Ba sai an faɗa maka ka shigo tsohuwar Nassarawa GRA ba, iskar da ke shigowa ta tagar mota ita za ta sauya. Manyan maɗatai da darbejiya da mangwaro sun haɗe kai a saman wasu titunan. Ka rage gudu ka zaga Alu Avenue da Sultan Road da Sokoto Road da Lamido da wajen filin sukuwa, ba tare da damuwa da ɓata ba, duk inda ka bi za ka ɓullo babban titi.

Wannan inuwar tana da tarihi, kuma ba mai daɗi ba ne gaba ɗaya. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ganuwa suka ci Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Turawan ba su zauna cikin birni ba. Waje suka fita, Nassarawa da Bompai, suka bar birni ga Sarki Abbas da suka naɗa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 don baƙi 'yan kudu, Kwarori suka sami nasu yankin kusa da tasha. Dokar garuruwa ta Lugard ta 1917 ta tsayar da ƙa'ida cewa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa a bar fili na yadi 440 ba gini. Hujjarsu zazzaɓin cizon sauro, wai nisan zai hana sauro ɗauko cuta daga 'yan ƙasa ya kai musu. A irin waɗannan filaye da ke kewaye da su suka yi wuraren wasanninsu, golf da folo da sukuwa. Kowane gida aka ba shi fili mai faɗin gona, aka ɗaga dandamalinsa, aka yi masa baranda mai zurfi da rufi mai tsawo da tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa. Darbejiya ma baƙuwa ce, daga ƙasar Indiya asalinta, a 1928 aka fara dasa ta a Borno kafin ta bazu a Arewa. Hannun leburori da masu lambu 'yan ƙasa ne ya haƙa ramukan, ya yi ban ruwa rani bayan rani. Su kuwa iyakarsu ɗakunan boyi-boyi a can bayan gida.

To, an yi inuwar ne don a ware mu daga cikinta. Amma tun daga 1960 ta dawo hannunmu, kuma abin da muka yi da ita namu ne. Gwamnatoci sun sayar da gidajensu da yawa. Magada sun raba na iyayensu. Filin da ke ɗauke da gida ɗaya yanzu ana yanka shi huɗu ko shida, ko a yi makarantar kuɗi, ko otal, ko asibiti, ko jerin shaguna. Kusan kullum mai zarto ne ke fara zuwa kafin mai awo. Maɗacin da ya shekara 70 yana girma, kafin azahar an gama da shi, 'yan itace sun loda. Ba ina cewa a bar iyali ɗaya a kan fili mai faɗin gona a tsakiyar garin miliyoyin mutane ba. Wannan ma ba adalci ba ne, kuma gari in bai cika ciki ba, gonakin Gezawa da Dawakin Kudu zai ci gaba da ci. Abin da nake cewa shi ne ana iya ƙara gidaje a bar itatuwa. Mai zane da ya san aikinsa zai iya kauce wa bishiya. Hukumar da ke duba zanen gini kafin ta sa hannu za ta iya tambayar itatuwa nawa ne a filin, nawa za a bari, nawa za a dasa, yadda take tambayar tazarar gini da titi.

A cikin wannan unguwa akwai gida ɗaya da ya wajaba ka kashe mota ka shiga, Gidan Ɗan Hausa. Hanns Vischer, haifaffen Basel a ƙasar Suwizalan, shi Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda yadda ya iya harshen. A 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno, a 1909 kuma ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a nan Nassarawa, ana koyarwa da Hausa. Gidan da ya zauna ginin ƙasa ne na maginan Kano, yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Ya haura shekara 100 yana tsaye.

Ka shiga da tsakar rana, ka tsaya shiru na ɗan lokaci, ka dafa bangon. Za ka ji sanyin da babu injin da ya kawo shi. Kaurin bangon shi ne maganin. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa shi, lokacin da zai iso ciki dare ya yi, iskar waje ta huce. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana shi zai riƙe ɗakin. Da tubali ake yin irin wannan bango, curin ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka busar a rana, a jera shi a tsaye ana liƙewa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ƙasan bangon ya fi samansa kauri. Ɗaga kai ka dubi rufin. Azara ce, tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, sai magina suka gano dabarar baka: a riƙa ɗaura azara kan azara tana leƙowa daga bango kaɗan-kaɗan, daga nan da can, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Inda bakuna suka gitta juna aka sami ɗaurin guga. A waje a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, don ruwa ya zame ya bi indararo ya faɗi nesa da gindin bango. Zankwayen da ke kusurwoyi ado ne, kuma nauyinsu na kare wuraren da ruwa ya fi ci. Ka lura, kayan nan duk daga sana'o'in garin suke fitowa. Marini da majemi da manomi kowa na da hannu a rufin.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Ginin ƙasa yana son yaɓe, in aka yi sakaci damina biyu sai ya fara zubewa, kuma duk shekara ana jin labarin gidajen da suka rufta kan mutane. Giginya ta yi ƙaranci. Magina sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo. Uwa uba, a idon mutane gidan ƙasa alamar rashi ce, ba mai son a ce a can ya ajiye amarya. Amma maƙwabtanmu na Nijar ba su tsaya nan ba. A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a na ƙasa wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a 2018 da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa, wanda ke jure ruwa fiye da tubali, yana kuma tare zafi fiye da siminti. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da ginin makarantar ƙauyensu da irin wannan bulo, ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, mafi girma a fagen zanen gini a duniya. Jar ƙasar da suke amfani da ita muna da irinta a Kano. Da attajiri ɗaya a Hotoro GRA zai gina gidansa da ita, ya yi masa zaure na gaske mai ƙofa a titi, ya gayyaci mutane walima, da ya yi abin da laccoci ba su yi ba, domin a garin nan abin da mai kuɗi ya yi shi ake kwaikwayo.

Ka koma mota ka nufi Gidan Gwamnati. A shataletalen da ke gabansa an gina wata doguwar alama a 2017 don cikar jiha shekara 50, zanen Kaltume Gana, aka rushe ta a Yunin 2023, makonni kaɗan bayan sauyin gwamnati. Daga nan State Road ta miƙe zuwa birni. A kanta Gidan Sarki na Nassarawa yake, inda aka binne Sarki Ado Bayero a Yunin 2014 kusa da wasu magabatansa, bayan ya yi sarauta tun 1963. Wannan titi ne dawakai suka saba cikawa ranar Hawan Nassarawa, kwana biyu bayan Sallah, hawan da ya samo asali daga ziyarar da sarki ke kai wa Razdan, yanzu kuma gwamna ake kai wa.

Kafin ka isa ƙofa ka dubi gine-ginen gwamnati na zamanin Audu Bako, gwamnan farko, 1967 zuwa 1975, musamman sakatariyar da ke ɗauke da sunansa. Kankare ne zalla, ba su da ƙawa, fentinsu ya koɗe. Duk da haka masu zanensu sun san da rana. Sun yi dogayen baranda, sun tura tagogi ciki, sun bar fili da itatuwa tsakanin gini da gini. Ko da aka bar ƙasa aka koma siminti, an ɗauki lokaci ba a manta da wannan ilimi ba. Daga baya ne, da aka saba da na'urar sanyi, aka daina tambaya.

Sai gadar Ƙofar Nassarawa, wadda aka yi a zangon Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, ga dogon benen Gidan Ado Bayero a gefe. Ƙofar kanta an sake ta da siminti don motoci su wuce, ganuwar da ke haɗe da ita kuma sai ka nema kafin ka ga ragowarta, wani wurin an ɗebe ƙasarta, wani wurin an yi shago a kanta. Ka sauka daga gadar ka nemi inda za ka ajiye mota a bakin babban titi, ka ba yaron da ke wurin abin gadi. Lungunan da ke ciki an yi su ne daidai jaki da mangalarsa, tsukakku da gangan, bangon wannan gida na yi wa ƙofar wancan inuwa. Da ƙafa za mu shige su a babi na gaba, mu nemi zuriyar magina. In mun isa ƙofar gida za mu tsaya daga waje mu yi sallama, mu jira a turo yaro.